Yadda ake buɗe gidan raino da ajin nazare a harabar coci

A yawancin majami'unmu, daga Kafanchan zuwa Mubi, daga Tudun Wadan Jos zuwa Sabon Garin Kano, ɗakunan makarantar Lahadi a kulle suke wuni tun daga Litinin har Asabar. A cikin waɗannan kwanakin kuwa malamar firamare da ma'aikaciyar jinya da mai shago a kasuwa suna ta faman neman inda za su ajiye yaro daga safe zuwa la'asar. Dokar ƙwadago hutun mako 12 ta ba mai jego, gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta fiye da haka, jihar Kaduna ta kai nata wata shida tun 2019. Da hutun ya ƙare sai uwa ta koma aiki da goyo, ko ta bar jariri a hannun 'yar aikin da ita kanta ba ta wuce raino ba. To ga ɗaki, ga yara, ga mata masu haƙuri a zumuntar matan coci. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Ku fara da ƙirga, kafin a sayi ko alli

Kada ku dogara da ɗaga hannu a lokacin sanarwa. Ranar Lahadi kowa zai ce yana so. Ku tura mata biyu ko uku daga zumunta su bi gida-gida, na 'yan ikkilisiya da na maƙwabta, su tambayi abu huɗu: shekarun yaron, ƙarfe nawa uwar take fita, ƙarfe nawa take dawowa, kuma nawa za ta iya biya ba tare da ta ci bashi ba. Amsar nan ce za ta nuna muku abin da unguwar take buƙata. Raino da nazare aiki biyu ne daban. Raino na jarirai ne da 'yan tatata, aikinsa wanka, ciyarwa, lallashi da barci, kuma yakan kai yamma. Nazare na 'yan shekara 3 zuwa 5 ne, ana tashi da rana tsaka. Idan ƙarfinku kaɗan ne, ku fara da aji ɗaya na 'yan shekara 3 da 4, ku bar jarirai sai shekara ta zagayo. Jariri ɗaya yana cin hannun da zai riƙe manyan yara biyar.

Daga nan sai a kai maganar gaban dattawa a rubuce. Baba Fasto ya amince da baki bai isa ba, don fasto ana yi masa canji, wanda zai gaje shi kuma ba lalle ne ya san da zancen ba. A shigar da shawarar cikin littafin taron majalisar ikkilisiya, a sanar da na sama: majalisar gunduma (DCC) ga 'yan ECWA da EYN, majalisar yanki (RCC) ga 'yan COCIN, ofishin ilimi na dayosis ga Katolika da Anglican. A naɗa kwamitin da bai wuce mutum biyar ba. A samu malamar makaranta a ciki, da ma'aikaciyar lafiya, da wanda ya iya lissafi, da dattijo ɗaya, da uwa guda wadda ɗanta zai shiga. Wanda ake sakawa don kada ransa ya ɓaci, a nema masa wani kwamitin.

Ɗakin da harabar

Ku shiga ɗakin da tsakar ranar bazara, ba da sanyin safiya ba. Idan kwano ne babu silin, ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu babba ma ba zai iya zama ba, balle jariri. Ana son tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, da ragar sauro, da daɓen siminti marar rami. Ɗakin ƙasa kawai. Bene ba wurin ƙananan yara ba ne, kuma duk wanda ya tuna ginin makarantar da ya rufta a Busa Buji a Jos cikin Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ba zai yi wasa da tsagar bango ba. Ku kira injiniya ya duba, ko da birkilan da ya yi ginin ɗan ikkilisiya ne kuma zai ji babu daɗi.

Sannan wani ya durƙusa ya zaga ɗakin da rarrafe, ya ga abin da yaro zai gani. Soket a ƙasa-ƙasa, wayar lasifika da aka ja ta gefen bango, ƙusa a ƙafar benci, ganga da kayan kiɗan mawaƙa a lungu. Bencin coci dogo ne mai nauyi, yana kifewa a kan yaro idan ya rataya a bayansa, don haka a fitar da su gaba ɗaya. Tabarma da 'yan kujeru gajeru sun wadatar.

A waje, ruwa ne babban abin tsoro. Rijiya ta samu murfi da kwaɗo. Kwamin baftisma, inda ake da shi, a zubar da ruwansa a rufe shi da katako mai nauyi. Bokiti ko baho da ruwa a ciki ma kada a bar shi a tsakar gida, ɗan shekara ɗaya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, kuma ba a jin ihu. Janareto da jarkar fetur su koma nesa a killace. Kananzir da fiya-fiya da maganin wanke banɗaki a sa su a kabad mai makulli, kuma kada a taɓa zuba su a gorar lemo. Masai irin na manya mai faɗin baki bai dace ba. A samar da fo da yawa, a rage bakin rami ɗaya don manyan cikinsu, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa.

Akwai wata matsala da sai gidan raino na coci ke fama da ita. Harabar ba taku ba ce ku kaɗai. Zumuntar mata na da ranar taronsu, mawaƙa na koyon waƙa da yamma, sannan ga jana'iza da ke faɗowa ranar Laraba da safe, motoci da babura cike da fili, baƙi suna shiga suna fita. Tun farko a yi wa ɓangaren yara shinge da ƙofarsa, ko na waya ne. A kuma rubuta wa zai kwashe kayan yara ranar Juma'a, wa zai share bayan makarantar Lahadi. Rigimar malaman Lahadi da malaman nazare a kan wa ya fasa kujera ta fi ƙarfin a raina ta.

Takardun gwamnati

Kada ku jira sai jami'ai sun zo da kwaɗo. Ku je sashen ilimi na ƙaramar hukuma ku tambayi hanyar rajista. A Kaduna akwai hukumar tabbatar da ingancin makarantu, a Kano akwai hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, sauran jihohi kuma ma'aikatar ilimi na da sashen da ke wannan aiki. Idan akwai jarirai, ku leƙa ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a ku ji abin da suke buƙata. Za su nemi shaidar mallakar fili, takardun malamai, su kuma turo masu duba wuri. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. Ku nemi kwafin manhajar ƙananan yara ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, da ƙa'idojin cibiyoyin raino da ta fitar, ku ajiye a ofis.

Masu riƙe yaran

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe. Yawan yaran da za ku ɗauka ya tsaya daidai yawan hannun da kuke da shi, komai girman ɗakin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa mai raino ɗaya ga yara 10, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Wannan iyaka ce ta sama. A ganina mace ɗaya ba za ta iya da jarirai goma ba, ko wace ce ita. Uku ko huɗu ga waɗanda ba su fara tafiya ba, shida ga 'yan shekara biyu, sannan ajin nazare ya samu malama da mataimakiya. Dalilin mataimakiya a fili yake: idan malama ta kai ɗaya banɗaki, wa ke kallon sauran? Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce manya biyu a wuri kowane lokaci, kuma babu babban da zai kulle ƙofa da yaro shi kaɗai, ko fasto ne, ko mai gadi, ko ɗan Baba Dattijo.

Shugabar wurin ta kasance mai NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, in da hali wadda ta karanci ilimin ƙananan yara. Kwalejojin ilimi suna yaye su, da yawansu kuma suna zaune a gida babu aiki, wataƙila ma a cikin mawaƙanku. Masu raino ba dole sai da takardar kwaleji ba, amma su iya karatu, don za su duba sunan magani da katin yaro.

Za a matsa muku ku ɗauki gwauruwar da ikkilisiya take so ta taimaka wa, ko 'yar wani babba da ta rasa aiki. Taimako abu ne mai kyau, amma ku gwada kowa. A bar ta da yara na mako biyu, shugaba tana kallo. Yaya take yi idan yaro ya yi kashi a wando? Tana durƙusawa ta yi masa magana, ko daga tsaye take daka tsawa? Wayarta tana jaka ko tana hannu? Ku tambayi inda ta taɓa aiki da maƙwabtanta. A rubuta cikin takardar ɗaukar aiki cewa babu bulala, babu mintsini, babu ranƙwashi, babu tsoratar da yaro da dodo ko wutar jahannama don ya yi shiru. Wasu iyayen da kansu za su ce "Malama, ki zane shi." A amsa musu da ladabi cewa a nan ba a yi.

Kuma a biya su. Kalmar "aikin Ubangiji ne" ta kashe makarantun coci da dama, don matar da ba a biya ba wata uku za ta tafi ranar da ta samu wani wuri, yaran da suka saba da ita kuma su kwana biyu suna kuka.

Lissafi

Albashi wata 12 ake biya, kuɗin makaranta kuwa sau uku yake shigowa. Ga misali don ku ga yadda abin yake. Ma'aikata uku a kan mafi ƙarancin albashi na 2024, naira 70,000, sun kama 210,000 a wata, wato 2,520,000 a shekara. Idan kuna da yara 30, ku ɗauka 25 ne za su biya cikakke. Kowane yaro ya tashi a kan 100,800 a shekara, 33,600 a zango, kuma albashi kawai ke nan, ba a sa sabulu da ruwa da gyara ba. Idan unguwar ba za ta iya ba, sai ikkilisiya ta faɗi a fili nawa za ta riƙa cikawa duk wata, ko a yi baiko na musamman sau ɗaya a zango. Marayu da marasa hali a ware musu gurbi mai adadi, a samu wanda zai ɗauki nauyin kowanne, maimakon a ce kawai "a bar shi ya shiga."

Asusun makaranta ya rabu da na coci, da sa hannun mutum biyu. Ranar da aka ranci kuɗin yara don a sayi kwanon rufi ko a yi taron godiya, ranar aka fara bin albashi bashi. Kada kuɗi ya bi ta hannun malama a bakin ƙofa. A tura ta banki ko a biya wurin ma'aji a karɓi rasit.

Takardar shiga da bakin ƙofa

Kowane yaro da fayil ɗinsa: takardar haihuwa, lambar waya biyu ko uku, abin da jikinsa ba ya so na abinci ko magani, ko yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, da kwafin katin rigakafi. Ma'aikaciyar lafiyar kwamiti ta duba katin. Allurar haihuwa, ta mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda da shawara a wata 9, ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Wanda bai cika ba a tura uwar asibitin sha-ka-tafi, kyauta ne. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta fi cin yaran da ba a yi wa allura ba, kuma ɗaki ɗaya mai yara ashirin wuri ne da cuta ke gudu.

A fayil ɗin a rubuta sunan waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, da hotonsu in an samu. Littafi a ƙofa, mai kawowa ya sa hannu, mai ɗauka ya sa hannu. Gwajin wannan doka yakan zo ne daga wanda kowa ya sani. Dattijo zai tsaya da babur ya ce, "'Yata, kawo mini jikan nan, uwarsa ta ce in biyo da shi." Abin da malamar da ke ƙofa za ta ce shi ne, "Sannu da zuwa Baba. Ka yi haƙuri ka ɗan zauna a inuwa, bari in kira mamansa." Ta kira, ta ji daga bakin uwar, sannan ta miƙa yaro. In wayar ba ta shiga ba, yaro ya zauna. Dattawa su sanar da wannan daga bagade tun kafin a buɗe, don kada malamar ta ji kunyar tsayawa a kai. Ɗan acaɓa ko mai keke da iyaye suka ɗauka shi ma sunansa ya shiga takarda.

Maƙwabta Musulmi za su kawo yaransu idan sun ga tsabta da amana, kamar yadda aka daɗe ana yi a makarantun mishan. Ku gaya musu gaskiya tun ranar farko: ana addu'a da safe, ana waƙa, ana ba da labarin Nuhu da Yusufu da Musa. Kada a tilasta wa ɗan kowa, kada a yi wa addinin iyayensa ba'a, a kuma kiyaye abin da suka ce ba ya ci.

Yadda wuni ke tafiya

Da safe malama ta tari kowane yaro a ƙofa, ta kira sunansa, ta taɓa goshinsa, ta dubi idonsa da fatarsa. Mai zazzaɓi, gudawa, jan ido, ƙuraje irin na ƙyanda ko ƙarambau ya koma gida da wanda ya kawo shi. Uwa za ta roƙa, ta ce ta makara aiki. A tausasa murya amma kada a karɓa.

Bayan addu'a da waƙa, zaman koyo kada ya wuce minti 15 a jere ga ɗan shekara uku. Sauran lokacin wasa ne, kuma a wasan ake koyon. Murafen kwalba manya don ƙirga da ware launi, gwangwanin madara da aka daddaɓe bakinsa don gini, yashi a tsohuwar taya, laka don mulmula, gutsattsarin atamfa daga wurin tela don 'yar tsana, gawayi da allo don zane. A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a bar su su amsa, a yi tafi da gaɗa. Iyaye za su zo suna tambayar me ya sa ba a ba da aikin gida, ɗan maƙwabcinsu ga shi yana rubuta 1 zuwa 100. Yatsun ɗan shekara uku ba su ƙosa riƙe fensir ba, kuma haddar da ba a gane ba takan zube. A yi musu magana da harshen da suke ji, Hausa ko yaren gida, Turanci ya shigo ta waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa. Talabijin da za a kunna don a huta da su, kada ma a saya.

Abinci ya fi sauƙi kowa ya zo da nasa a kula mai suna. A roƙi iyaye su rage biskit da lemon kwalba, su sa kunun gyaɗa, alale, ƙosai, dankali, gwate ko fate. Gyaɗa ɗaiɗaya, aya, gugguru da alawa mai tauri suna shaƙe ƙananan yara, a hana su. A zaune ake ci, babba yana kallo. Nonon da uwa ta tatso a sa masa suna da lokaci, in babu firji kada ya wuce awa huɗu. Wanke hannu da sabulu kafin ci, bayan fo, bayan canza famfas, ga yara da manya.

Barcin rana kowa da tabarmarsa ko katifarsa mai leda. Jarirai a kwantar da su rigingine, babu filo, babu tarin zannuwa, kuma mai raino tana cikin ɗakin ido biyu. Ba a ba yaro maganin mura ko wani abu don ya yi barci. Wadda aka kama da wannan, aikinta ya ƙare ranar.

Ranar da abu ya faru

Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi ma'aunin zafi, auduga, bandeji, filasta, safar hannu da ledojin gishiri da sukari na asibiti, a haɗa su bisa ma'aunin da ke jikin ledar. Kada a ba da wani magani sai wanda uwa ta kawo da rubutu. Ma'aikaciyar lafiya ta koya wa kowa da hannu yadda ake ceton yaron da ya shaƙe. Idan zazzaɓi ya kawo jijjiga, a kwantar da yaro ta gefe, a sassauta masa kaya, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura manja ko wani jiƙo, a nufi asibiti ana kiran iyaye a hanya. Ku san asibitin da za ku, ku kuma ajiye lambar mai mota ko mai keke biyu da ke kusa. Ko ƙujewa yaro ya yi, a rubuta a littafi a gaya wa uwar kafin ta gani da kanta wurin wanka.

Wanda ya zauna a Jos ko Kaduna ya san gari kan rikice da rana tsaka, a sa dokar hana fita iyaye suna wancan gefen gari. Ku yanke tun yanzu: wane ɗaki za a tara yara, wa zai kulle ƙofa, wa zai aika saƙo a zauren WhatsApp na iyaye, wane gida na kusa ne zai karɓe su in dare ya yi. A ajiye ruwa da garin kunu da tocila. Ba a sakin yaro ga wanda ba ya cikin takarda don ana gudu. A gwada fita daga ɗaki cikin layi sau ɗaya a zango, a mai da shi kamar wasa.

Bayan zangon farko

Kwamiti ya zauna da littattafai uku a gabansa: na kuɗi, na zuwa da tafiya, na rauni da rashin lafiya. A kira iyaye a ji ƙorafinsu ba tare da malamai a wurin ba, sannan a ji malamai su ma su kaɗai. Idan an biya albashi kan lokaci, babu wadda ta ajiye aiki, kuma akwai sunaye a layin jira, sai a yi maganar ƙarin aji. A fara samo malamar da kuɗin albashinta na zango guda, sannan a kira iyayen da ke layi.